Tirela na wucewa, gada na rawa: yadda ake gane ko gadojin hanyar Abuja za su ci gaba da ɗaukar lodinmu

Duk wanda cunkoso ya taɓa riƙe shi a kan gadar Karu ko gadar sama ta Zuba ya san wannan abin. Motarku tana tsaye, direba ya kashe inji, sai tirela ta wuce ta ɗaya hannun, ka ji kujerarka ta yi ɗan lilo kamar wani ya girgiza gado. Wasu su fara salati, wasu su ce ai gadar ce ta kusa faɗuwa. To a gaskiya wannan rawar ita kaɗai ba ta nuna gada ta lalace. Haka aka tsara ta, ta ɗan lotsa idan nauyi ya hau ta, ta koma daidai idan ya sauka. Abin da injiniyoyi ke bibiya shi ne yawan lotsawar, da ko tana komawa yadda take, da kuma sau nawa ake sa ta yin haka a rana.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, mu da ke zaune a Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan da Onitsha da Fatakwal. Shanu da albasa da tumatir da wake da muke sayarwa, da man fetur da kwantena da ke komawa Arewa, kusan duk a kan taya suke tafiya. Jirgin ƙasa na zamani ya haɗa Abuja da Kaduna tun 2016, ya haɗa Legas da Ibadan a 2021, amma layukan biyu ba su haɗu ba tukuna. Saboda haka kayan da suka taso daga Kano ko Kaduna za su bi ta Zuba, Giri, Gwagwalada, Abaji, su haye Neja ta gadar Murtala Mohammed da ke Jamata kusa da Koton Ƙarfe, ko kuma su bi ta Mokwa su haye a Jebba. Hanyoyin ba su da yawa. A watan Oktoban 2022 da ruwa ya shafe titi a Koton Ƙarfe, motoci sun yi kwanaki a tsaye, Abuja ta shiga wahalar mai, kayan gwari suka ruɓe a cikin mota. Wancan ruwa ne, kuma ya janye. Idan gada ce ta samu matsala, maganar watanni ake yi.

Nauyi iri biyu gada ke ɗauka. Akwai nata na kanta, kankare da rodi da kwalta, wanda ba ya canjawa, kuma lissafinsa da sauƙi. Sai nauyin abin da ke wucewa a kanta, wanda shi ne mai wuyar sha'ani, domin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ɗauki katako ka ɗora shi a kan duwatsu biyu ka taka. Idan kana tsakiya zai lanƙwasa sosai. Idan ka matso bakin dutse lanƙwasar za ta ragu, amma a nan ne yake neman tsagewa kamar an sare shi. Haka gada take. Injiniya yakan ɗauki motar a kan takarda ko a kwamfuta, ya riƙa matsar da ita taku bayan taku daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, a kowane wuri yana duba wane sashe ne ya fi shan wuya. Ba jimillar nauyin motar kawai yake kallo ba, yana duba yadda nauyin ya rarrabu a kan layukan taya da tazarar da ke tsakaninsu.

Wannan batu na rarrabuwar nauyi shi ya fi shafar Abuja. Yawancin gadojin sama na birnin, irin na titin Kubwa da titin filin jirgi da titin Nnamdi Azikiwe, tazarar da ke tsakanin ginshiƙansu ba ta da tsawo sosai. Doguwar tirela idan ta hau irin wannan gada, sau da yawa kanta yana kan wani sashe, gindinta yana kan wani, nauyin ya rabu. Amma tifa mai ɗauke da tsakuwa daga wuraren fasa dutse na Mpape gajera ce, duk lodinta a dunƙule yake a kan layin taya biyu na baya da suke manne da juna. Ga gajeren sashe na gada, wannan tifar ta fi wata tirelar da ta fi ta nauyi cutarwa. Abuja kuwa gari ne da ba a daina gini a cikinsa ba tun kafin gwamnati ta tare a 1991, tifofi dare da rana.

Doguwar gada ita kuma abin da ta fi tsoro shi ne cunkoso. Lokacin da motoci ke gudu akwai rata tsakaninsu. Idan suka tsaya, sai su haɗe hanci da gindi, kowane layi ya cika. Mutanenmu na Legas sun ga shekarun da tireloli da tankoki masu jiran shiga tashar Apapa suka mayar da gadar Ijora da gadar Eko gareji, mota ta kwana ta wuni a kai da lodinta. An yi gada ne don a wuce. Lissafinta ya haɗa da cunkoso na ɗan lokaci, amma ba wanda ya zauna ya tsara ta don jerin tankoki cike da mai su yi mako a kanta.

Sai maganar motsi. Tan 40 a tsaye daban, tan 40 a guje daban. Mota tana kan sifirin da tayoyi masu iska, don haka tana tafiya tana ɗan tsalle. Idan titi sumul yake, tsallen kaɗan ne. Da zarar taya ta faɗa rami ko ta daki wani tudu a bakin gada, sai lodin gaba ɗaya ya ɗaga ya sauko kamar taɓarya a turmi. Ƙa'idar gina gadoji ta Amurka tana ƙara kashi 33 cikin 100 a kan nauyin motar don wannan duka. Amma wannan ƙarin an yi shi ne da tunanin titin da ake kula da shi. A gadar da mahaɗarta ta ɓare, ƙarfe ya fito, kowace taya sai ta yi "gau" kafin ta wuce, dukan na iya zarce abin da aka tanada. Shi ya sa ni a ganina ramin da ke bakin gada ya fi ramin tsakiyar daji gaggawar gyara, ko da ya fi shi ƙanƙanta.

Akwai wani abu kuma da yara masu lilo suka sani ba tare da an koya musu ba. Idan ka tura lilo a daidai lokacin da yake dawowa, ɗan turi kaɗan zai kai shi sama. Kowace gada tana da nata saurin kaɗawa. Matsakaitan gadojin mota da yawa suna kaɗawa kamar sau biyu zuwa biyar a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma bodin babbar mota a kan sifirinta yana tsalle ne a kusan wannan saurin. Idan biyun suka dace, sai rawar ta ƙaru fiye da yadda nauyin kaɗai zai jawo. Turawan Ingila da wuya suka koyi wannan. A 1831 gadar Broughton kusa da Manchester ta karye lokacin da sojoji ke maci a kanta ƙafa ɗaya, daga nan aka umarci soja su riƙa warware taku idan za su haye gada. A 1847 gadar jirgin ƙasa ta kogin Dee a Chester ta rufta da jirgi, mutum biyar suka mutu. Binciken da ya biyo baya ne ya sa masana irin su Robert Willis da George Stokes suka zauna suka fara lissafin abin da nauyi mai tafiya ke yi wa gada. Har a shekarar 2000 sai da aka rufe sabuwar gadar masu tafiya a ƙasa ta Millennium a Landan kwana biyu kacal da buɗe ta, saboda takun jama'a yana sa ta lilo gefe da gefe.

Lodinmu ma yana da nasa motsin. Shanu a tirela ba buhu ba ne, idan mota ta sha kwana duk sai su tuttuɗe gefe ɗaya. Tankar da ba ta cika ba man cikinta yana kai da komo. Birki ma lodi ne: idan tirela ta taka birki da ƙarfi a kan gada, tana tura gadar gaba ne, ginshiƙai su sha. Wanda ya san gangaren Kugbo, daga AYA zuwa Karu da Nyanya, ya san irin birkin da manyan motoci ke sha a wurin, da abin da ke faruwa idan ya tsinke, kamar mummunan haɗarin da ya tashi da gobara kusa da gadar Karu a watan Maris na 2025.

Amma babban abin da ke cin gada a ɓoye shi ne maimaici. Ɗauki waya ta ƙarfe ka lanƙwasa ta sau ɗaya, ba abin da zai same ta. Ka yi ta lanƙwasawa kana miƙarwa, za ta yi zafi ta tsinke a hannunka ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Injiniyoyi suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Kowace babbar mota da ta wuce lanƙwasa ɗaya ce, kuma lissafin ba ya tafiya daidai wa daida. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Illinois ta Amurka, aka gina tituna da ƙananan gadoji, aka sa motoci masu lodi daban-daban suka yi ta zagaye a kai har suka lalace. Abin da aka gano game da titi shi ne idan ka ninka nauyin da ke kan layin taya sau biyu, ɓarnar ba ninki biyu take yi ba, kusan ninki 16 ce. Ga ƙarfen gada kuwa ninka lodi sau biyu yana cinye kwanansa kamar ninki takwas.

Mu kawo shi kasuwa. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu 600 tan 30 ke nan, buhu 900 kuma tan 45. Mai kaya yana ganin ya ƙara rabi ne kawai, ya rage kuɗin mota. To idan nauyin da ke kan layin taya ya ƙaru da rabi, ɓarnar da yake yi wa kwalta ta kai ninki biyar, gajiyar da yake sa wa ƙarfe ta haura ninki uku. Haka tankar mai: lita 33,000 na fetur bai wuce tan 25 ba, amma lita 60,000 ya kai tan 44 ko 45, ban da nauyin motar kanta. Bayan gobarar tankar da ta hallaka mutane da dama a mahaɗar Dikko kusa da Suleja a watan Janairun 2025, hukumar NMDPRA ta hana yi wa tanka mai lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris na shekarar. Don rayuka aka yi dokar, amma gadoji ma sun samu sauƙi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, obalodi ba laifin direba kaɗai ba ne. Sau da yawa mai kaya da ɗan kamasho ne ke cewa a ƙara, direba ya san idan ya ƙi wani zai ɗauka.

Doka dai akwai ta. Ƙungiyar ECOWAS, wadda hedikwatarta ke Abuja, ta amince a 2012 da tsarin bai ɗaya na nauyin manyan motoci, inda aka fi ambaton tan 11.5 a matsayin iyakar layin taya guda. Najeriya ta fitar da nata ƙa'idojin a 2018 a ƙarƙashin dokar manyan hanyoyin tarayya. Inda gizo ke saƙar shi ne sikeli. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas zai gaya maka sau nawa aka tsayar da shi don takardu, sannan ka tambaye shi sau nawa aka ɗora motarsa a sikeli.

Wani zai ce to me ya sa gadojin ba su faɗi ba tuntuni? Saboda an gina su da rara. Gadojin Najeriya da yawa an tsara su ne da ƙa'idar Birtaniya da ake kira BS 5400, wadda a matakinta mafi girma take sa injiniya ya gwada gadarsa a lissafi da wata ƙatuwar mota mai taya 16 da nauyin tan 180. Wannan rarar ce muke ci. Sai dai tana raguwa, domin ruwa yana shiga tsagar kankare ya sa rodi tsatsa, rodin ya kumbura ya fasa kankaren, kowane sabon shafen kwalta kuma ƙarin nauyi ne na dindindin. A 2007 gadar babbar hanya a Minneapolis ta Amurka ta rufta, mutum 13 suka mutu. Bincike ya nuna wasu farantan ƙarfe da ke riƙe mahaɗanta sun yi sirara tun asali, an ƙara mata nauyin kankare a gyare-gyaren baya, ranar kuma an jibge yashi da tsakuwa da kayan aiki a daidai wurin da yake da rauni. Shekara 40 tana tsaye kafin ranar.

To yaya ake auna lafiyar gada? Da ido ake farawa, kuma daga ƙasa. Saman gada yana iya zama fes da sabuwar kwalta alhali cikinta ya ci. Mai duba yana neman tsaga, da tsawonta da faɗinta da inda ta nufa, da jan ruwan tsatsa, da wurin da kankare ya ɓalle rodi ya bayyana. Yana duba abin da nake so in kira gammon gada: wani faifai na roba da ƙarfe da ake sakawa tsakanin kan ginshiƙi da jikin gadar. Aikinsa irin na gammon mai tallan ruwa ne, ya raba nauyi ya kuma bar kaya su ɗan motsa. Dole ne gada ta motsa, domin zafi yana miƙar da ita. Gada mai tsawon mita 100, idan zafi ya ƙaru da digiri 20, tana ƙara kusan santimita biyu. Idan gammon ya mutu ko mahaɗa ta cushe da ƙasa, wannan miƙewar sai ta koma tana tura ginshiƙi. Canjin waɗannan gammaye da mahaɗai ne ya sa aka taƙaita zirga-zirga a gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 daga Yulin 2020 zuwa Fabrairun 2021, wahalar da mutanen Legas ba su manta ba. A gadojin kogi irin ta Jamata da ta Jebba kuma sai an sa masu nutso su duba gindin ginshiƙai, don ruwa yana kwashe ƙasar da ke riƙe da su a hankali.

Bayan ido sai na'ura. Ana huda kankare a ciro ɗan gunduwa a kai ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe, a san ƙarfinsa na yau, ba na ranar da aka zuba shi ba. Sannan a zo babban gwaji. A rufe gadar, a kawo tifofi da aka auna a sikeli aka san nauyinsu, a jera su a wuraren da lissafi ya nuna sun fi wahalar da ita, a auna yawan lotsawarta. A ƙa'idar Amurka, sashe mai tsawon mita 20 bai kamata ya lotsa fiye da santimita biyu da rabi ba. Sai a janye motocin a ga ko ta koma inda take. Idan ba ta koma ba, akwai magana. Daga nan a sa mota ɗaya ta wuce a hankali, ta dawo ta wuce da matsakaicin gudu, ta sake wucewa da gudu sosai, wani lokaci har a shimfiɗa katako a hanya don ta yi tsalle da gangan. Ƙananan na'urori da aka manna a jikin gadar suna rubuta yadda ƙarfe ke miƙewa da saurin kaɗawarta. Bambancin da ke tsakanin awon tsaye da awon gudu shi ne ainihin ƙarin da motsi ke kawowa a wannan gadar. Saurin kaɗawar kuma kamar bugun zuciya yake: idan aka auna bana aka sake aunawa baɗi aka ga ya ragu, alama ce gadar ta yi laushi a wani wuri ko da ido bai gani ba.

Har gadar kanta ana iya mayar da ita sikeli. Tun 1979 wani injiniya a Amurka mai suna Fred Moses ya nuna cewa idan ka san yadda gada ke lotsawa da sanannen nauyi, to daga lotsawarta za ka iya gane nauyin duk motar da ta wuce ba tare da an tsayar da ita ba. Ga hanya irin ta Abuja zuwa Lokoja wannan dabara ta fi shingen da ake tsayar da mota dacewa, don na'ura ba ta karɓar na goro.

A ƙarshen duk wannan awo lissafi ɗaya ake yi. A ɗauki ƙarfin da gadar take da shi yau, a cire abin da nauyin kanta ya cinye, a kwatanta ragowar da nauyin motocin da ke bin ta a zahiri, haɗe da ƙarin motsi. Idan ragowar ta ishe su, shi ke nan. Idan ba ta kai ba, sai a kafa allon iyakar nauyi, ko a rage layi, ko a hana manyan motoci har a ƙarfafa ta. Amurka ta mayar da duba gadoji duk bayan shekara biyu doka ne bayan gadar Silver ta faɗa kogin Ohio a watan Disamban 1967 da mutum 46, kuma 'yar ƙaramar tsaga ce a ƙarfe ɗaya ta jawo. An gina gadar a 1928, lokacin da motoci ba su kai rabin nauyin na 1967 ba.

Abubuwa biyu kuma suna rage ƙarfin gada a dare ɗaya, kuma duk biyun sun taɓa mutanenmu. Na farko wuta. Gobarar tankoki a gadar Kara ta hanyar Legas zuwa Ibadan a watan Yunin 2020, dab da kasuwar shanu, ta sa sai da aka gwada gadar kafin a sake sakin motoci a kanta yadda aka saba. Gobarar da ta tashi a shagunan ƙarƙashin gadar Apongbon a watan Maris na 2022 ta rufe wurin har Yulin 2023. Zafi yana fasa kankare ya sassauta ƙarfen ciki, don haka mai shayi ko mai tsire ko mai ajiye jarkokin mai a ƙarƙashin gada ya san abin da ke bisa kansa. Na biyu tsayin lodi. A 2025 wata babbar mota ɗauke da injin haƙa ta daki cikin gadar sama ta Keffi a hanyar Abuja, ta lalata sassan da ke ɗauke da titin, aka rufe ta. Kwantena ko inji da aka ɗora bisa tirela ba a auna tsayinsa ba yana iya yanke wayoyin ƙarfen da ke riƙe da gada a bugu ɗaya.

Direba ko fasinja ba shi da na'ura, amma akwai abin da zai iya lura da shi: mahaɗar da ta buɗe har kana hango ƙasa, ƙara mai ƙarfi duk lokacin da taya ta wuce wuri ɗaya, dogarin gefen gada da ya karkace ko ya sauka daga layinsa, ɓaraguzan kankare a ƙasa, ruwa na ɗiga ta tsakiyar gada bayan an ɗauke ruwan sama. Gadojin cikin birnin Abuja hukumar FCDA ce ke da su, na manyan hanyoyin tarayya kuma Ma'aikatar Ayyuka da ke Mabushi da hukumar FERMA. A kan hanya, lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗura na FRSC ita ce 122, kuma kiran kyauta ne.